Kakata da Jiran Takwara

Ban taɓa zuwa zaman makokin da aka yi dariya irin na Kaka ba, Allah ya yafe mana. Mata sun cika tsakar gidanmu a Birnin Gwari, tabarmi har bakin rijiya. Kowace ta shigo da hawayenta tana "Ya haƙuri?", amma kafin ta gyara zama sai wata ta tuno wata maganar marigayiya, sai ka ga ana toshe baki da mayafi. Matar liman ta tsawata mana, ta ce mu ji tsoron Allah, nan gidan rasuwa ne. Ba a jima ba ita ma ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta na rawa. Ta tuna ranar da Kaka ta je yi mata barka da samun jika, alhali ita ba ta ma san an haihu ba.

'Yan acaɓa masu bin hanyar Randagi sun zo a jere, suka jingine babura a ƙofar gida, suka durƙusa gaban Baba. Babbansu ya ce, "Alhaji, mu fa tasharmu ce ta rushe. In mun dawo daga ƙauye nan muke sauke labari, mu ɗauki wani mu koma da shi."

Ƙawar Kaka ta ƙuruciya, wata tsohuwa Bagwariya daga Kazage, ta sauko daga kan babur da ƙyar, ta ratsa mutane, ta zauna a bakin ƙofar ɗakin Kaka. Can ta share ido da bakin zane ta ce, "Matar nan ta cuce ni. Duk wanda ya mutu a ƙasar nan a bakinta nake ji. Yau ita ta mutu, sai a bakin mai mashin na ji."

Muka yi dariya, muka yi kuka, aka sake zagayowa da ruwan sha.

Ni jikarta ce, 'yar ɗanta na fari, kuma ni kaɗai ce mace a jikokinta. Gari zai daɗe yana tuna ta da ba da labari, kuma gari bai yi ƙarya ba. Amma akwai abin da idona ya gani a watanninta na ƙarshe, ba na so ya bi ta kabari.

A Randagi aka haife ta, a can ta tsufa tana sana'ar daddawa. Da daji ya ƙi zaman lafiya, Baba ya je ya ɗauko ta ya dawo da ita cikin gari. Ta zo tana mita, da tukunyar daddawarta da 'yar kujerarta ta tsuguno. Kafin a yi sati ta kafa kujerar a gindin dalbejiyar ƙofar gida, ta san sunan kowane mai wucewa da na uwarsa. Labarinta ba na raba zumunci ba ne. Idan ta ji wani ya kwanta ciwo a Kutemeshi, kafin la'asar danginsa na cikin gari sun ji, sun haɗa abin dubiya. Idan an rasa akuya, wurinta ake fara zuwa kafin a je wurin mai unguwa. Illa dai ba ta iya riƙe komai. Takan dafa cikinta ta ce, "Ni magana in ta kwana a nan, kumburi take sa ni. Gara in fitar in huta."

Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai duk tsawon tsufanta: ba ta da takwara. Da aka haife ni, Baba ya riga ya yanke cewa sunan mahaifiyarsa zan ci, kamar yadda aka saba. Sai ga shi mahaifiyar Mama ta rasu ana gab da suna. Kaka ta shiga ɗakin mai jego ta tarar Mama tana kuka, ta fito ta sami Baba ta ce, "Ka sa mata sunan wadda ta tafi. Ni ina nan da raina, ta baya ta ishe ni." Ta bayan nan kuwa ba ta zo ba. Ƙannena maza, 'ya'yan baffannina maza, da aka shiga tattaɓa-kunne su ma maza. Duk gidan da aka aiko an haihu, sai ta tambayi ɗan aiken, "Me aka samu?" In ya ce namiji, sai ta ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya raya. An ƙara mai cin tuwo." Daga nan sai ta juyo ta harare ni ta ce, "Ke kika cinye mini rabo, ga ki nan ƙatuwa." Da wasa take faɗa, amma duk mun san har zuciya abin yake damunta. Yayana, wanda nake bi, ya yi mata alkawari tun ranar aurensa: in Allah ya ba shi 'ya mace, sunanta ne, babu shawara.

Da na gama sakandare na sami gurbi a wata kwalejin koyon aikin lafiya a Kaduna, sashen hoton ciki, wanda kowa ke ce wa sikanin. Baba ya ce ba inda za ni. A shekarun nan mai bin hanyar Kaduna sai ya nemi gafarar mutanen gida kafin ya hau mota, kuma ni kaɗai ce 'yarsa. Kaka ta aika a kira shi ɗakinta. Ina bayan ƙofa ina ji.

"Mata nawa ne a ƙauyenmu suka ƙi zuwa sikanin don namiji ne zai buɗe musu ciki?" in ji ta. "Ka sani, na sani. Wasu suna ƙasa yanzu. Ga taka Allah ya ba ta kai, ka ce ta zauna ta taya ni ƙirga kaji?"

"Inna, hanya ce nake ji."

"Hanya ta Allah ce. Wanda ya tsare ni a Randagi bai yi ritaya ba."

Baba ya fito yana shafa gemu, ya ce in shirya kayana. Na shiga yi mata godiya ina hawaye, sai ta jawo kunnena ta rage murya ta ce, "Kar ki ɗauka don Allah kaɗai na yi. In kin koyo, duk cikin da ke garin nan ni zan fara sanin abin da ke ciki."

Ni da na zaci ranar farko za a miƙa mini na'ura, sai aka miƙa mini lissafi. Muka sha ilimin sauti har kaina ya yi zafi, muka haddace sassan jikin mutum ciki da waje. Da aka kai mu gaban allon na'urar kuwa, Malama tana nunawa tana cewa ga hanta, ga ƙoda, ga saifa, ni wallahi toka da hayaƙi kawai nake gani. A jikin junanmu muka koya. Wata rana a hana mu karin kumallo don matsarmama ta fito sosai a hoto, wata rana a sa mu yi ta ɗurar ruwa don mafitsara ta cika, ka ga 'yan mata a layi ana ta rawa ba kiɗa. Sannu a hankali idona ya buɗe. Ranar da na fara gano ƙodar abokiyar zamana da kaina, na yi ihu har aka leƙo daga ajin gaba.

Ihun nan ne ya haɗa ni da Malama. 'Yar gajeriyar mata ce, ba ta ɗaga murya, amma in ta dube ka sai ka gyara tsayuwa. Idan muna gwaji ba allon take kallo ba, fuskokinmu take kallo. Takan ce, "Hannu a hankali, ido a allo, baki a rufe, fuska kamar bango." Ni kuwa jinin Kaka ce. In na ga abin mamaki idona ya fito, in na ga abin tausayi leɓena ya sauka. Ta ce mini, "Ke 'yar Birnin Gwari, girarki tana ba da rahoto kafin likita ya gani. Mai ciki tana kwance ba ta iya karanta allo, fuskarki take karantawa. Kuma ki riƙe wannan: abin da kika gani a nan na mai cikin ne, ita da likitanta. Ba na uwarki ba ne, ba na ƙawarki ba ne." Na yi watanni ina tsayawa gaban madubi ina koya wa fuskata zama shiru. Ya fi lissafin wuya.

In na zo hutu, Kaka ba ta bari in ajiye jaka. Sai na zauna na yi mata bayanin yadda abin yake aiki. Na ce na'urar tana aika wani sauti ne da kunne ba ya ji, ya shiga ciki ya bugi abin da ya tarar, ya dawo, ita kuma ta zana hoto da abin da ya dawo da shi. Ta juya maganar, sannan ta tafa hannu ta ce, "Af! Wato ta aiki yaro ya leƙo mata gidan mutane ya dawo ya faɗa mata. Ashe na'urar ma irina ce!"

Ita ce ta zama majinyaciyata ta gida. Sai ta kwanta a tabarma ta yaye riga, in shafa mata man gyaɗa a maimakon man sikanin, in ɗauki bayan ludayi ina bi a hankali ina faɗin sunan abin da ke ƙarƙashi. Tana dariya cikin na rawa, tana cewa, "To Likita, me kika gani?" In ce, "Tuwon jiya, da rabin labarin unguwa." Ta kai mini duka ta ce, "Rabi? Kin raina ni." Yawancin abin da na amsa a jarrabawar sassan jiki, a kan cikin tsohuwar nan na haddace shi.

Ina shekara ta biyu matar Yaya, wadda nake ce wa Anti, ta sami ciki. Anti mace ce mai kunya, ba ta gaya wa kowa ba, amma ba a ɓoye wa Kaka irin wannan. Ta ga yadda Anti take kauce wa warin daddawa, shi ke nan. Murna ta kwashe ta, kafin magariba har Randagi an ji. Cikin bai zauna ba. Anti ta yi makonni duk inda ta sa ƙafa, a famfo, a gidan biki, sai wadda ba ta ji ba ta yi mata barka, wadda ta ji ta yi mata jaje. Daga nan ta janye jikinta. Tana gaishe da Kaka safe da yamma yadda ya kamata, ba ta taɓa yi mata rashin kunya ba, amma hira ta ƙare a tsakaninsu.

A shekarar ƙarshe aka tura mu aikin koyo a asibitoci, ni aka turo ni gida. Ina ƙarƙashin shugabar ɗakin sikanin, wadda muke ce wa Sista. Wata safiya na ɗaga labule in kira ta gaba, sai ga Anti cikin dogon hijabi, kai a sunkuye. Sista ta tambaye ta ko ta yarda ƙanwar mijinta ta duba ta, ko a fitar da ni. Ta ce ta yarda. Cikin ya kai wata biyar. Na auna kai, na auna ƙashin cinya, na duba mabiyiya da ruwa, komai lafiya lau, zuciya tana bugawa tsaf. Na riƙe fuskata bango. Anti ta tambaya a hankali ko ana iya ganin mace ce ko namiji. Sista ta karɓi kan na'urar ta sake dubawa da kanta, sannan ta ce, "Mace ce, in Allah ya so."

Anti ta damƙe hannuna, man sikanin da komai, ta ce, "Don girman Allah, ƙanwata, kar kowa ya ji. Ko yayanki. Balle..." Ba ta ƙarasa ba, ba sai ta ƙarasa ba.

Kafin in isa gida mai acaɓan da ya kai Anti asibiti ya riga ya sauke labari a gindin dalbejiya. Na tarar Kaka ta sa an shimfiɗa mini tabarma, ga fura da nono, ga zumar da take ɓoyo a bayan gado ba ta ba kowa.

"Likita, sannu da aiki. Yau wa da wa kuka gani?"

"Marasa lafiya, Kaka."

"Ai ba mai ciki ce marar lafiya ba. Ni ba tambayarki nake ba, shawara nake nema. Mai koli ya zo da 'yan kunne ƙanana masu kyau. In saya, ko in bari?"

Ta kafa mini ido kamar mai zaɓen tsakuwa a shinkafa. Na tuna Malama, na saki fuska ta zama bango, na ce, "Ki saya mana, ai za su yi miki kyau."

Haka muka yi ta yi. Yau ta ce ta yi mafarki, in gaya mata ko mafarkin gaskiya ne. Gobe ta ce ba sai na yi magana ba, in mace ce in yi tari kawai. Har cewa ta yi in ɗauki ludayi in duba mata Anti a gabanta, tunda na ce ludayi ma yana gani. Mutanen gida suna ta dariya, ni ma ina yi, amma ranar da ta gane da gaske ba zan faɗa ba, ranar ba a yi dariya ba.

"Ni na tura ki makarantar nan," in ji ta. "Ubanki ya ce ba ki zuwa, na tsaya miki. Sunana na bayar a kanki. Yau ni za ki rufe wa baki kamar wata baƙuwa?"

"Kaka, ba nawa ba ne da zan ba ki. Abin da aka koya mini ke nan."

"To sun koya miki rashin mutunci."

Ta juya mini baya ta ce ta daina yi mini magana har abada. Abadan nan ta kai daga azahar zuwa la'asar, domin an yi faɗa a gidan maƙwabta kuma babu kowa kusa da za ta ba labari sai ni. Amma zumar ta koma bayan gado.

Ana cikin haka ƙafafunta suka fara kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya in ta kwanta. Likita ya duba ya ba da magani, ya ja Baba gefe ya ce zuciyar ta gaji, a lallaɓa ta. Na san abin da wannan ke nufi. Kujerar ta koma cikin ɗaki, masu labari suka riƙa biyo ta har gado. Ni kuwa na shiga wani hali. Ga tsohuwa tana tafiya, ga abin da ta jira duk tsufanta yana bakina, kalma ɗaya ce. In na faɗa na ci amanar Anti da ta aikina. In na yi shiru, wataƙila ta tafi ba ta sani ba. Na kira Malama a waya ina kuka. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Sirrin ba naki ba ne. Amma mai shi tana da kunne, kina iya roƙonta. In ta ce a'a, a'a ce."

Na sami Anti tana tankaɗe, na roƙe ta. Ta ajiye rariya, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Kin san abin da na sha wancan karon. Ba ƙin ta nake ba, wallahi ina son ta. Tsoro nake ji." Na gane a'a ce. Na koma bayan ɗaki na yi kukana.

Ban san ko Kaka ta ga jan idona ba ne, ko dai ciwo ne ya ba ta lokacin tunani. Washegari da hantsi ta ce in kira mata Anti. Anti ta zo ta durƙusa daga bakin ƙofa. Kaka ta ce ta matso, ta kama hannunta.

"'Yar nan, na yi miki ba daidai ba wancan karon. Murna ce ta fi ƙarfin bakina, na ɗauki abinki na raba wa gari, ke kika biya. Ki yafe mini tun ina ji."

"Haba Kaka, ba komai, na yafe."

"Akwai komai. Kuma kar ki gaya mini na yanzu. Na san halina, kin san halina. Allah ya sauke ki lafiya, ko me ya bayar muna so." Ta juyo gare ni ta ce, "Ke kuma mai fuskar bango, da kin faɗa mini da na ce kuɗin makaranta ya tafi a banza. Ɗauko zumar nan ku sha."

Da lokacin komawa awo ya yi, likita ya ce a sake yi wa Anti sikanin. Da safe Yaya ya fito da babur zai kai ta, sai ta ce masa, ba ta ɗaga kai ba, "A samo Keke mai ƙafa uku. Kaka ce za ta raka ni." Yaya ya dube ni, na ba shi bango. Kaka ta ce ita da ko bakin rijiya ba ta iya zuwa, ina ita ina asibiti? Amma tana faɗa tana laluben mayafinta na zuwa biki.

Yaya ya ɗauke ta cak ya sa a Keke. A asibiti aka turo ta a kujerar marasa lafiya har gefen gado, shi aka bar shi a waje. Sista ta rage hasken ɗakin. Na shafa man, na ɗora kan na'urar, na juya allon ya fuskanci Kaka.

"Ni hayaƙi nake gani," in ji ta.

"Ki bi yatsana. Ga kai. Ga ƙashin baya, kamar carbi. Ga hannu."

Kamar an aike ta, jaririyar ta ɗaga hannun ta kai baki. Kaka ta zabura ta ce, "La ilaha illallahu! Yatsa yake sha! Tun a ciki?" Na kunna sautin bugun zuciya, ya cika ɗakin, da sauri da ƙarfi. Ta dafa ƙirjinta ta ce, "Wannan ta fi tawa aiki."

A nan ne Anti ta ja hijabi ta rufe fuskarta, ta yi magana daga ciki. "Kaka, ki gaida takwararki."

Tun da nake ban taɓa ganin magana ta ƙare wa Kaka ba sai ranar. Bakinta a buɗe, ido a allo. Ta dube ni, wannan karon na bar fuskata ta faɗi abin da take so. Sai na ga ta ja numfashi, ta kai hannu hanci za ta rangaɗa guɗa a tsakiyar asibiti. Ta tuna sirri ne, ta cusa mayafi a baki, guɗar ta mutu a ciki, hawaye na bin kumatunta. Sista ta juya baya tana gyara abin da bai lalace ba.

Da ta samu kanta, ta matsa kusa da allon ta ce, "Ke ce kika shanya ni haka? Duk mazan nan kika bari suka riga ki? To sannu. Kin yi latti, amma shigo." Ta ƙura ido ta ce, "Likita, tsaya nan. Wannan goshin nawa ne." Sista ta fashe da dariya ta ce, "Mama, ai ba a ganin kama a nan." Kaka ta ce, "Ke ba ki gani. Ni na san goshina."

A hanyar fita ta kama hannun Anti ta ce, "Kin ba ni ajiya. Za ki ga aiki."

Mun kuwa ga aiki. Yaya ya tambaye ta a cikin Keke me ta gani, ta ce hayaƙi. Baba ya shigo gaishe ta da yamma yana zolayarta, "Inna, an ce kin je sikanin, me aka samu?" Ta ce, "Marasa lafiya." Ƙawarta ta Kazage ta zo dubiya, suka rufe ƙofa, ta yi mata tambaya da Hausa, ta yi mata da Gwaranci, ta haɗa ta da zumuncin shekaru. Kaka ta miƙe wuya ta daskare fuska, irin tawa sak, har da ɗaga haɓa. Ƙawar ta fito tana cewa lallai ciwon nan ya taɓa ta. In ɗaki ya zama daga ni sai ita, sai ta dafa cikinta ta ce, "Wayyo kumburi! Likita, yau kam zan fashe." Sai mu yi ta dariya har tari ya kama ta. Ban taɓa ganinta cikin farin ciki irin na makonnin nan ba. Ta sa aka kira mai koli ta sayi 'yan kunnen, ta ce wa kowa nata ne.

Ta rasu da safe, bayan ta idar da salla a zaune, damina tana ƙarewa. Ba ta gaya wa kowa ba. Na koma makaranta na rubuta jarrabawar ƙarshe da zafin rashinta, na ci, Malama ta ce fuskata ta zama ta ma'aikaciya.

Anti ta sauka lafiya kafin a yi sadakar arba'in. Da ta gaya wa matan da suka zo barka cewa Kaka ta sani tun tuni, ta gani da idonta, babu wadda ta yarda sai da na rantse.

Ranar suna da sassafe maza suka taru a ƙofar gida, aka raba goro da dabino. Mu muna ciki mun kasa kunne. A gidanmu babu wanda ya taɓa ɗaga murya ya faɗi sunan Kaka. 'Ya'yanta ba sa faɗa, surukanta ba sa faɗa, mu jikoki ko a wasa ba mu kai nan ba. Sai ga muryar sanƙira ta tsallako katanga da sunan, ɓaro-ɓaro, har unguwa ta ji. Tsigar jikina ta tashi. Liman ya haɗa su a addu'a ɗaya: Allah ya jiƙan mai sunan da ta tafi, ya yalwata mata makwanci, ya raya mai sunan da ta zo, ya sa ta gaji alherinta. Muka amsa da amin, ciki da waje.

Ba a saba namiji ya shigo cikin mata a irin wannan safiya ba, amma sai ga Baba ya yi sallama ya shigo, mata suna ja da baya suna ba shi hanya. Ya tsaya a ƙofar ɗakin mai jego ya tuɓe takalmi. Na miƙo masa jaririyar a cikin zani. Bai karɓe ta a tsaye ba, sai da ya durƙusa, da furfurarsa da babbar rigarsa. Ya daɗe yana kallon fuskarta, sannan ya ce, "Inna, sannu da hanya."